Motar da Kakana Ya Yi wa Dabaibayi

Kakana bai taɓa sayen abu mai ƙafa huɗu ba sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora, don haka tun ranar da ya ce za mu Maradi sayen mota na san akwai kallo. Tun yana saurayi yake dillancin raƙuma, daga kasuwar Dakoro zuwa ta Sabon Maci, daga can ya haura Rumbu da Azagor. In raƙumi ya gifta ta gabansa sau ɗaya, zai gaya maka shekarunsa da halinsa da irin ruwan da ya saba sha. Game da mota kuwa abu biyu kawai ya sani, tana shan isansi, wato man fetur, tana kuma kashe mutane.

Na biyun ba a bakin kowa ya ji shi ba. Mahaifina shi ne ɗansa na fari, kuma a kan hanyar Maradi ya rasu, yana tuƙa wata 'yar motar ɗaukar awaki, lokacin ina da shekara huɗu. Uwata ta sake aure a Tawa, ni kuwa aka bar ni a hannun tsohon. Ko lokacin da mahaifina ke raye, kakana bai taɓa kama sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. Da ya mutu sai ya daina ko da cewa "wancan yaron". Na girma ban taɓa jin ya ambace shi ba, alhali mutum ne da ko yana cin abinci bakinsa ba ya hutawa da magana.

Gwiwoyinsa ne suka kai shi ga sayen mota. Hawan raƙumi ya gagare shi. Wani ɗan kabu-kabu ya taɓa zubar da shi a gaban mahauta, rawani gefe guda, takalmi gefe guda, ya rantse ba zai ƙara rungumar ƙugun ɗan wani ba. Motocin kasuwa kuwa ya ce direbobinsu duk sun riga sun yi bankwana da iyayensu. Zaman gida kuma ba ya cikin lissafinsa, don in ya kwana biyu bai ji warin raƙumi ba sai ya tsiri faɗa da kaji. A shekarar na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ina da sha takwas, ina jiran a buɗe jami'a a Maradi. Da na je hutu wurin gwaggota a can, sai na shiga koyon tuƙi na samo permi, takardar izinin tuƙi, ba tare da na shawarce shi ba. Kwana uku yana amsa gaisuwata da hanci. Rana ta huɗu ya kira ni ya ce tunda na zama direba, gara ya samu direban da zai zaga son ransa ba a kai shi ƙara ba.

Akwai wasa tsakanin jika da kaka, shi ya sa nake rubuta wannan ba na tsoron a ce ba ni da tarbiyya. Yana ce mini amarya, ina ce masa angon da bai taɓa cefane ba. Amma a ƙarƙashin wasan akwai abin da ba wasa ba. Ni ina so in an buɗe jami'a in tafi da motar, in riƙa dawowa ina kai shi kasuwanninsa. Shi kuwa tun kafin a saye ta ya kafa doka cewa motar ba za ta taka gudron, wato titin kwalta, ba sai yana ciki. Abin da nake nema shi ne ya yarda da hannuna, kuma na san ba hannuna yake kallo ba, hanyar Maradi yake kallo.

Wurin sayar da motocin wani fili ne da aka kewaye da waya, cike da motocin da aka kawo daga Kwatano. Mai wurin matashi ne mai baƙin tabarau da turare mai hawa kai. Muna shiga idona ya faɗa kan wata 'yar ja mai sheƙi, na yi kuskuren da jikar dillali ba ta yi, na je na shafa ta. Sai na ji sanda a kan ɗan yatsan ƙafata. A kara, kasuwar dabbobi, ba a kallon dabbar da ake so, balle a shafa ta a gaban mai ita, kuma na san haka tun ina goye.

Daga nan tsohon ya shiga aiki. Ya zagaya jar motar sau biyu yana ƙwanƙwasa tayoyinta da sanda. Ya sa aka buɗe murfin inji, ya leƙa ya daɗe yana gyaɗa kai, ni kuwa na san ko batir bai gane ba a ciki. Ya sa aka tayar da ita, ya koma baya ya sunkuya ya shinshina hayaƙin, ya yi tari, ya goge ido da gefen rawani. Sannan ya juyo ya dubi mai tabarau.

"Wagga ta taɓa cin mutum?"

Mai tabarau ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, sai ya haɗiye sauran. Ya ce motar daga Turai ta fito, ina shi ina sanin abin da ta aikata a can. Kakana ya ce to an gama magana, dabbar da ba a san gidan da ta fito ba ba a ɗora mata yaro. Ya ƙara da cewa ja ma zafin rai gare ta. Wata baƙa da ke kusa ya ce fuskar munafukai gare ta. Wata doguwa mai ruwan toka ko tsayawa bai yi a kanta ba, ya ce irin waɗannan suna lafiya a kasuwa, sai an kai su gida ciwonsu ke tashi.

Can ƙurya, bayan bandaki, ya hango wata tsohuwar fara da aka ajiye inda ba za ta ɓata wa sauran suna ba. Fentinta ya koma ruwan kunu, kujerar direba ta lotsa. Mai tabarau ya ce wannan ba tasa ba ce ma, wani tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya ya kawo a sayar masa. Da jin cewa mai ita yana nan cikin gari da ransa, sai idon kakana ya yi haske. Ya ce a kai shi gidansa.

Haka muka je gidan bawan Allah da rana tsaka, aka shimfiɗa tabarma, aka dafa shayi, tsofaffi biyu suka zauna suna zancen mota kamar ana binciken asalin yarinya. Malamin ya ce bai taɓa kai ta ko'ina ba sai masallacin Juma'a da gidan 'yarsa. Ya ce da safe sai an lallashe ta take tashi, ba ta son a yi mata tsawa, kuma in an saki sitiyari tana ɗan ja hagu. Kowane aibi ya faɗa, kakana sai ya ce madalla. A wurin mutanenmu, yaron da zai fara hawa ba a ba shi raƙumi mai jini a jika. Tsohon dandaƙaƙƙe ake nema masa, wanda duniya ta ishe shi, ko an doke shi ba zai yi gudu ba, in yaro ya yi barci a kansa ya kai shi gida. Shi kakana ya samo mini, sai dai wannan yana da taya.

Da muka koma filin, ya yi kusan awa guda yana zagin motar a gaban mai tabarau, ya ce ko kyauta aka ba shi sai ya yi shawara. Mai tabarau yana ta cewa albarka har muryarsa ta dushe, daga ƙarshe ya cire tabarau ya ce ya sallama. Ni dai ina tsaye ina satar kallon jar, raina a ɓace.

A hanyar komawa ne tsohuwar ta ba mu mamaki. Ashe malamin ne ba ya gudu, ba ita ba. Da muka bar gari na ba ta wuta, sai ta miƙe, allurar gudu ta haura har tamanin, iska na shigowa ta taga, ni kuwa daɗi ya cika ni har na fara yafe mata muninta. Na juya in yi wa tsohon tsiya, sai na ga ya riƙe ƙofa da hannu biyu, bakinsa a rufe, abin da ban taɓa gani ba. Na rage gudu. Har muka shiga Dakoro bai ce uffan ba, ko zagi ɗaya ban samu ba.

Washegari ya sa na kai shi garajin wani makanike da ke bayan tasha, mutum mai ƙaton ciki da ke kwana cikin baƙin mai. Kakana ya ce masa dabaibayi yake so a yi wa motar. Raƙumi in za a sake shi kiwo, akan ɗaure ƙafafunsa na gaba da gajeriyar igiya, ya yi tafiya amma ba zai iya gudu ba, to haka yake so. Makanike ya yi dariya har cikinsa na rawa. Da ya ga tsohon bai motsa ba, sai ya daina dariya ya sosa ƙeya, kuma a nan na gane shi ma ɗan makiyaya ne, don maganar ta shige shi. Ya ɗauko guntun icen aduwa, ya sassaƙe shi, ya kwanta ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya kafa shi da ƙusoshi biyu a bayan abin da ake takawa a ba mota wuta. Ko da ƙarfin wa ka taka, rabin hanya zai tsaya. Aka gwada a bayan gari, allura ta kai arba'in ta ƙame.

Na ce, "Kaka, mota ba raƙumi ba ce."

Ya ce, "Ƙwarai kau, amarya. Raƙumi shina da hankali."

Daga ranar na zama abin nishaɗin Dakoro. 'Yan kabu-kabu kan zo daidai tagata su gaishe ni, su tambayi gida da gajiya da labarin damina, in amsa duka, sannan su wuce. Wani mai amalanken jaki ya taɓa yin tsere da mu daga bakin kasuwa har asibiti, kuma ba zan ce mu muka ci ba. A shingen jandarmomi wani ya leƙo ya tambaya ko gawa muka ɗauko, kakana ya ce tukuna dai. Ranar da muka nufi Azagor, inda sai an shiga rairayi da ƙarfi ake fita, sau uku muna kafewa, Buzaye suna tura mu suna yi masa dariya da harshensu, yana rama musu da shi. Duk wannan ko a jikinsa. Kullum da safe, kafin ya shiga, sai ya zura sanda ƙarƙashin sitiyari ya taɓa icen ya ji yana nan.

Ina dariya tare da mutane don ba yadda zan yi, amma abin yana cina. Ba dariyar 'yan tasha ce ta dame ni ba. Sandar nan ta safe ita ke ƙona mini rai, don kullum tana gaya mini cewa ya fi yarda da guntun ice a kaina. Na yi tuƙi wata biyu ban taɓa ko kaza ba, ina ajiye motar daidai inda ya nuna, ina jure zaginsa a kan ramukan da ba ni na haƙa su ba. Lokacin buɗe jami'a yana matsowa, na sake tayar da zancen tafiya da motar. Ya ce in hau motar haya kamar 'ya'yan kowa, tasa tana nan daure. Na shiga ɗaki na yi kukan haushi, na fito na zuba masa gishiri da yawa a miya.

Ana saura mako guda in tafi, muka kama hanyar Sabon Maci ranar kasuwa. An gama girbin gero, gonaki sun zama fili, sai kututturen kara da wake da ke yaɗo a ƙasa. Mun yi nisa sai muka cim ma wani dogon kamiyo maƙare da shanu, yana tafiya yana nishi, shi ne abu na farko da muka taɓa cim ma a kan gudron tun da aka kafa icen. Na bi bayansa a hankali. Shanun kuwa ba su san da amarya da ango a baya ba, suka shiga sakin abin da suka sha da wanda suka ci, iska na kwasowa tana watsa mana a gilashi. Kakana tagarsa a buɗe take, ya samu rabonsa a rawani da gemu. Ya zagi shanun, ya zagi mai su, ya zagi direban har kakanninsa, sannan ya ce in wuce shi.

Na ce motar ba ta da ƙarfin wucewa. Ya ce yaushe na fara yi masa gardama a gaban shanu. Na leƙa, hanya fayau, ba kowa. Ni ma kuma, in faɗi gaskiya, na gaji da zama a bayan kowa. Na fita hagu na taka.

Kamiyon yana ɗan ƙasa da arba'in, mu muna arba'in cif. Muka jera muna tafiya kafaɗa da kafaɗa, shanu na kallonmu ta tsakanin ƙarafa. Na wuce tayoyin baya, na kai tsakiya da ƙyar. Sai hanya ta ɗan gangara, nauyi ya tura kamiyon, ya daidaita gudunsa da namu. A daidai lokacin wata babbar motar fasinja ta ɓullo daga kwana a gabanmu, tana kunna fitilu tana danna kilakson ba ƙaƙƙautawa.

Kakana ya ce, "Taka. Taka mata, ɗiyata, taka."

Na taka har ƙafata ta yi zafi, ina jin icen a ƙarƙashin tafina, daram, yadda makanike ya kafa shi da amana. Gaba ba ta yiwuwa. Baya kuma rabin kamiyo ne, kafin in ja birki in koma bayansa an riga an gama. Ban yi salati da ƙarfi ba, ban yi ihu ba, abin da na tuna kawai shi ne babu rami a gefen hagu tun da muka baro kwanar baya, don ina lura da gefen hanya ko da ba a yaba mini. Na daina jin tsohon, na ɗage ƙafa, na karya sitiyari hagu, wajen da dama can take son ja. Muka sauka daga gudron muka faɗa gonar wani, kututturen kara na bugun cikinta, rairayi ya riƙe tayoyin a hankali har ta tsaya ta mutu. Motar fasinjan ta wuce ta inda muke ɗazu, iskarta ta girgiza mu, wani ya leƙo ta taga yana zagin uwata.

Muka zauna. Ba abin da ake ji sai ƙarar kamiyon yana nisa, da inji yana ɗan ƙas-ƙas na hucewa. Ina jira ya ce laifina ne, har na shirya amsar da zan ba shi, mai zafi, wadda na daɗe ina tanadi.

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya zagayo ta wajena yana dogara sanda, kashin shanu na nan a gemunsa. Ya yi mini alama in fito. Mutumin da ko sallah a kan kujera yake yi saboda gwiwa, sai ga shi ya durƙusa a cikin rairayi, ya zaro wuƙar da yake yanke igiya da ita, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Ya daɗe yana fama. Icen aduwa ba ya jin wuƙa, ƙusoshin kuma sun kama. Na ce ya bari mu koma wurin makanike, ya yi kamar bai ji ba. Na ɗauko ƙarfen cire taya na miƙa masa, muka kama tare, muka ɓanɓare shi, ya fito da ƙusa ɗaya a jikinsa.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da motar, icen a hannunsa, yana juya shi. Bai dube ni ba da ya yi magana.

"Wancan yaron ban yi mishi dabaibayi ba, ya tahi. Ke na yi miki, kin kusa tahiya, da hannuna. To ni mi za ni yi?"

Shekara goma sha huɗu ke nan, ranar ce ta farko da na ji ya ambaci ubana. Amsar da na tanada ta ɓace. Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar gishirin da na zuba masa. Na durƙusa na goge masa gemu da bakin mayafina, na ce ya tashi, ango ba ya zama a ƙasa a gonar mutane. Ya ce ai ba zai iya tashi ba sai an ɗaga shi, kuma in na gaya wa kowa a Dakoro zai sake ni.

Masu gonar da ke roron wake suka zo suka tura mu muka hau gudron. Ya jefa icen a ƙarƙashin kujerarsa, ya ajiye sanda a baya inda hannunsa ba ya kaiwa. Na tayar da ita, na kama hanya. Yanzu babu komai a ƙarƙashin ƙafata, amma ƙafar ta ƙi sauka, allura tana arba'in kamar an kafe ta da ƙusa. Muka yi tafiya mai tsawo a haka, wani ɗan kabu-kabu ma ya gaishe mu ya wuce.

Ina ganinsa ta gefen ido yana kallon allurar. Hannunsa ɗaya na kan ƙofa, ya riƙe ta har jijiyoyin sun fito. Sai ya saki, ya ɗora hannun a kan gwiwa.

Ya ce, "Mai zuwa Maradi ita ɗai ranar Lahadi, haka za ta tahi? Ƙara mata wuta in gani."

Na ƙara.